A Je a Kira Wane

A unguwarmu, nan cikin ganuwar Kano, da wuya ka wuce gida uku a jere ba ka tarar da mutumin da ya iya wani abu wanda yanzu ba mai nemansa ba. Ban da masu sana'ar da kasuwa ta juya wa baya, irin marina da masaƙa, su kam kowa ya san labarinsu. Ƙananan iyawa nake nufi, waɗanda mai su bai taɓa ciyar da gida da su ba, amma da su aka san shi. Wane ya iya naɗin rawani. Wane ya iya fiƙe alƙalami. Wance in ta murza mazari zare sai ya fito siriri, ba ƙulli ba tsinkewa. A da in za a kwatanta mutum sai an haɗa da abin da ya iya. Yanzu abin yana nan a hannunsa, hannun bai manta ba, sai dai an daina turo yaro ya ce ana sallama da shi.

Zancen yakan taso a dakalin ƙofar gidan mai unguwa, tsakanin Magariba da Lisha, galibi ran da aka kwana biyu ba wuta, wayoyi duk sun mutu, kowa ya ɗago kai ya ga na kusa da shi. Wani zai ce, “Kai jama'a, ni fa akwai abin da na iya, amma ban san ranar da zai ƙara yi mini rana ba.” Shi ke nan, an sosa wa kowa inda yake masa ƙaiƙayi.

Baba direba ne kan fara. Ya ci ƙuruciyarsa yana jan babbar mota tsakanin Kano da Ikko, kuma har gobe in ka ce ya karanto maka hanya zai jero ta ba tuntuɓe: Zariya, Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, a haye gadar Jabba, sai Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun, sai bakin ruwa. Ya san inda ake sauka a yi salla, ya san garin da tuwonsa ke riƙe ciki har wayewar gari, ya san gangaren da in ka shige shi da babbar giya sai dai wani ba kai ba. Mota in ta gifta a titi, da kunne yake gaya maka ciwonta. Ya karkata kai ya ce, “Wannan fulogi ɗaya ba ya ci.” Sannan ya girgiza kai: “Yanzu yaro ya manna waya a gaban sitiyari, wata mata tana ce masa yi dama, yi hagu. Motocin ma sai an jona musu kwamfuta suke faɗin abin da ke damunsu.” Yana faɗa yana dariya, mu ma muna yi, amma kowa ya san ba dariyar ce kaɗai a ransa ba.

Sai Alhaji, wanda ya gaji rumfa a kasuwar Kurmi, ya karɓe. Shi lissafin tsohon kuɗi ne zaune a kansa: kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, sisi rabin sule, taro rabin sisi. Tun ranar 1 ga Janairun 1973 da naira ta shigo, fam ɗaya ya koma naira biyu, wannan lissafi ya tashi daga aiki, amma bai tashi daga kan Alhaji ba. Samari sukan gwada shi don nishaɗi.

“Alhaji, yadi bakwai a kan sule uku da sisi, nawa ke nan?”

Kafin mai tambaya ya rufe baki: “Fam ɗaya da sule huɗu da sisi.”

In akwai mai sauran caji sai ya zaro waya ya yi ta dannawa, ya rasa ma ta inda zai shigar da sisi.

Wanda nakan fi matsawa kusa da shi Malam ne, na zauren tsakiyar layi. Shi ba ya shiga wannan gardama, sai dai in ka je zaurensa da hantsi ka gani da idonka. Zai zaɓi karan gamba wanda ya bushe sarai, ya mirgina shi tsakanin yatsu ya ji ko da lanƙwasa, ya yanke shi daidai taƙi guda. Ya ɗauko 'yar askarsa ya fere bakin a karkace, shafta ɗaya doguwa, biyu gajeru gefe da gefe, ya tsaga tsakiya kaɗan yadda tawada za ta riƙa gangarowa a hankali, sannan ya ɗora bakin a kan farcen babban yatsa ya datse. Ya tsoma a kurtu, ya ja harafi ɗaya a gefen allo, ya ɗaga ya duba. In kaurin bai yi masa ba ya ƙara shafta kaɗan. Tawadar ma da kansa yake haɗa abarsa: ta allo da gawayi da ƙaro, mai wankuwa da ruwa, ta takarda kuwa da bagaruwa da kashin maƙera, wadda in ta kama ta kama ke nan. Duk wannan aiki, biro na naira ɗari ya raba yaran yanzu da shi.

Da wannan alƙalami Malam yake rubuta Hausa da ajami, hannu mai kauri irin na Kano. Kafin Turawa da shi ake rubuta Hausa, da shi aka adana waƙoƙin wa'azi irin na Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Boko ya fara kafa ƙafa a garin nan da makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909, ya ƙara ƙarfi da fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ajami ya yi ta ja da baya daga ofis zuwa zaure. Wurin da ya daɗe yana riƙe da shi a idon kowa shi ne takardar kuɗi. A 2007 aka cire shi daga naira biyar, goma, ashirin da hamsin, a 2014 aka fito da sabuwar naira ɗari babu shi. Ya saura a ɗari biyu, ɗari biyar da dubu. Jikokin Malam suna Islamiyya, suna karanta Larabci tiryan-tiryan, amma ka miƙa musu takardar da kakansu ya rubuta sai su tsaya cak, don suna neman ma'anar Larabci a inda Hausa ce zalla. To amma bari rigimar gida ta tashi, magada su buɗe adaka su zaro tsohuwar takardar ciniki wadda ta yi ja don daɗewa, ka ga inda ake nufa da ita. Lauya da digirinsa sai ya tuɓe takalmi a bakin zauren Malam ya zauna a tabarma, a karanta masa wa ya sayar, wa ya saya, su wa suka shaida.

Ni ma ina da tawa iyawar, kuma ina jin ta a raina har yanzu. Tun ina firamare ni ne mai rubuta wa matan layinmu wasiƙa. A aiko a kira ni, in shiga har tsakar gida, a shimfiɗa mini tabarma, in ciro takarda biyu daga tsakiyar littafin makaranta. Farkon kowa ya san shi: takarda ta fito daga hannun wance zuwa ga ɗanta wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, bayan haka. Daga “bayan haka” ne aiki yake farawa. Tsohuwa ce ɗanta ya tafi kudu, wata da watanni ba aike ba labari, zuciya ta kawo mata iya wuya. Za ta ce, “Rubuta masa, ka ce in shi ya manta da wadda ta haife shi, Allah bai manta ba.” Abin da na koya, ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, shi ne in bar alƙalami a sama har ta gama fitar da abin da ke cikinta. In ta numfasa sai in ce, “Inna, in sa haka ɗin, ko in ce masa kina ta cigiyarsa, kuma ruwa ya zubar da katangar baya?” Sai ta yi shiru, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ce, “Sa na biyun, ɗan nan. Amma ka gaya masa katangar da gaske ta faɗi.”

Karanta amsa ma da nasa ladabin. Ido yakan riga baki da layi biyu. In ka hango rasuwa a gaba, ba ka faɗa wa mace ita kaɗai a tsakar gida ba. Ka ce hannun ya cakuɗe, bari ka kira Kawu ya taya ka dubawa. Wayar salula ta fara yaɗuwa a ƙasar nan a 2001, daga baya saƙon murya ya zo a WhatsApp, aikina ya ƙare. Ban yi baƙin ciki ba, don uwa ta ji muryar ɗanta da kunnenta ya fi mata rubutuna sau dubu. Sai dai yanzu magana da zafinta take tafiya. A danna, a faɗa, a saki, ta isa Fatakwal kafin mai faɗar ta sauke numfashi, kuma ba wanda ke zaune a tabarma da zai ce, “Inna, in sa haka ɗin?” Na san gidajen da saƙon minti ɗaya ya raba wa da ƙani shekara guda ba sa gaisawa.

Cikin gida kuwa, in mata suka haɗu wajen suna ko biki, irin wannan hira tasu ta fi tamu armashi. Akwai Iya, ta gidan da ke kallon masallaci, wadda har yanzu taskirarta tana rataye a ɗaki, da mazari da alli a ciki. Ta iya aikin auduga tun daga gurza a fitar da angurya, zuwa shiɓa da baka, zuwa kaɗi. Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari a cikin 'yar tasa, hannun hagu ya yi sama da auduga, zare ya yi ta fitowa: arafiya siriri in za a yi riga ta alfarma, abawa mai kauri in gwado ake so. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin garin nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Ana yawan ambaton fatake da marinan Ƙofar Mata in ana wannan labari, amma kowane ƙyalle daga yatsun mata irin Iya ya faro, a tsakar gida, tsakanin girkin rana da na dare. Masaƙar zamani ta farko a Kaduna ta fara aiki a 1957, zaren inji ya kori na hannu. Yau masaƙun da kansu yawancinsu a rufe suke, Kantin Kwari cike da atamfar ƙasar Sin. Iya takan ce, “Inji ya kore mu, shi ma an kore shi.” Jikokinta in sun ga mazarin sai su ɗauka abin wasa ne.

Sai dai fa matan nan ba sa yarda a yi musu kukan da ba su yi ba. Wani saurayi mai son al'ada ya taɓa cewa a gabansu abin takaici ne an daina jin ƙarar turmi da asuba. Wata Hajiya ta dube shi ta ce, “Ɗana, ga turmi can, ga taɓarya, ga gero tiya biyu. Bismilla.” Aka kwashe da dariya. Ina bayan Hajiya a wannan. Wadda ta tashi tun kafin kiran assalatu ta yi surfe, ta yi bakace, ta wanke, ta durƙusa a kan dutsen niƙa har gwiwa ta yi kanta, ita ce ke da ikon faɗin ko injin niƙa rahama ne, kuma duk wadda na tambaya ta ce rahama ne. Haka cire beli da wanzamai ke yi wa jarirai, wanda likitoci suka daɗe suna gargaɗi a kansa, in ya tafi ba mai rakiyarsa da hawaye. Wasu iyawar wahala ce ta koyar da su, kuma da wahalar ta kau an gode Allah. Abin da Hajiya da kanta take kewa lugude ne: mata uku a turmi ɗaya, a jefa taɓarya sama a tafa a cafe, ba wadda ta karo da wata. Ta ce wannan kam ta iya, kuma ba ta da abokan yi.

Kalmar nan ta Hajiya, abokan yi, ita ce ta tsaya mini. Na daɗe ina sauraron hirar nan ta dakali da ta tsakar gida, kuma ban yarda da mu ba in muka ce abubuwan nan ba su da amfani. Da yawansu amfaninsu yana nan daram. Abin da ya yanke shi ne kiran. A da an rarraba iyawa gida-gida, ba wanda ya haɗa duka, don haka dole ƙafarka ta taka zauren wani. Sunayen unguwannin birni ma shaida ne: Soron Ɗinki, Dukawa, Majema, kowa da inda ake zuwa a same shi. Abin kamar ɗiban wuta ne kafin ashana ta wadata: gidan da murhunsa ya mutu ya tura yarinya da kasko ta ɗebo garwashi a maƙwabta, ta dawo da wuta, ta kuma dawo da labarin cewa mai gidan can yana kwance ba lafiya. Ba ka zuwa neman a fiƙe maka alƙalami ko a karanta maka takarda ka faɗi buƙatarka kai tsaye. Sai an yi ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki. A cikin gaisuwar nan ake gane wanda bai ɗora tukunya ba jiya, a aika masa da kwano da dare ba tare da kowa ya ji ba. Yanzu kowa da wayarsa a aljihu tana yi masa lissafi, tana nuna masa hanya, tana kai masa saƙo, sai mutum ya yi wata bai leƙa zauren da ke jikin nasa ba. Shi kuma dattijon da ake zuwa wurinsa yana nan zaune, lafiyarsa ƙalau, hankalinsa garau, ba wanda ke buƙatarsa. Wannan yana tsufar da mutum fiye da shekaru, na gani a fuskokin da na sani.

Farkon 2023 ya nuna mana wani abu. Lokacin da aka sauya fasalin naira ɗari biyu, ɗari biyar da dubu, takardar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, layi ya yi tsawo a bakin bankuna, tura kuɗi ta waya kuma sai ya maƙale a hanya, an cire a nan bai isa can ba. Wa ya riƙe layinmu a makonnin nan? Mai ƙosan bakin lungu, wadda ba ta taɓa shiga aji ba. Ita ce uwar adashin matan unguwa tun da daɗewa, kuma littafinta bangon ɗakinta ne, zane-zane da gawayi, kowane gida da layinsa, sauran kuma a ka. Ta ci gaba da suya, ta ci gaba da zuba wa yara a takarda, tana cewa, “Je ka, ka ce wa babarka na sa a nata.” Da kuɗi suka dawo ta bi gida-gida, ba wanda ya ce ta ƙara masa ko sisi. Mai shagon kusurwa ma haka ya yi, kuma Alhaji ne ya zauna masa a benci yana tara bashin kowa da baki yayin da shi yake awo. Ba wanda ya kira wannan tsohon yayi a lokacin.

Kawu da ke noma a bayan gari shi kuma taurari yake ƙirgawa, ashirin da takwas a shekara, kowanne kwana goma sha uku, in ban da Jabha mai goma sha huɗu. Na damina yakan jero su a yatsa: Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, Harsan. Shi da bakinsa yake cewa ruwan yanzu ba ya tsayawa inda aka san shi, don haka yakan kasa kunne a rediyo ya ji hasashen hukumar kula da yanayi, ya haɗa da nasa, sannan ya yanke ranar shuka. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan.

Mai naɗin rawani kuwa nasa kiran bai yanke duka ba, ya dai koma na shekara-shekara. Watanni yana zaune ba mai tuna shi, amma duk shekarar da aka yi hawa, tun daren Salla ake layi a ƙofar gidansa. Ya zaunar da mutum a kujera, ya daidaita hula, ya kama bakin harsa ya fara zagayawa, kowane zagaye yana danne na ƙasa da kaɗan, ya sauko da amawali ya rufe haɓa, ya soke ƙarshen inda ko doki ya yi sukuwa ba zai warware ba. In ɗan kura ne, mai baƙin shuni da ƙyalli, sai hannunsa ya kwana biyu da launi. Ya san wanda ya isa a fitar masa da kunne biyu da wanda in an yi masa za a ce ya yi shisshigi. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali, muka yi murna. Amma kowane mahayi da aka ɗauka a hoto, akwai wanda ya tsaya a bayansa da asuba ya naɗa masa, kuma a layinmu mai yin wannan mutum ɗaya ne, ya haura saba'in, ba yaron da ke tsaye kusa da shi yana kallon hannunsa.

Na bar Gwaggo a ƙarshe don nata ya fi ba ni tsoro. Gwaggo ba ta da sana'ar hannu, ba ta karatu da boko ko ajami. Abin da ta iya shi ne mutane. Ta san wa ya haifi wa a unguwar nan har kaka na huɗu, ta san wace aka aura daga Ɗambatta, wace aka kai Gwarzo, ta san inda iyakar kowane gida take kafin a ja katangar bulo, ta san gefen da aka binne kakan kowa a maƙabarta. In ta fara jero dangantaka 'yan mata sukan yi ta zumɓura baki, su ce Gwaggo ta fara tarihi. Amma akwai abu ɗaya da ita kaɗai ke riƙe da shi: wa ya sha nonon wa. A zamaninsu mace in ta kwanta ciwo, ko ta tafi unguwa jariri ya yi ta kuka, maƙwabciya ko kishiya ko ƙanwa sai ta ɗauka ta ba shi, ba wanda ya rubuta. A mazhabar Malikiyya da muke bi kuwa, ko sau ɗaya nono ya isa cikin yaro a shekaru biyunsa na farko, shi da 'ya'yan matar nan sun zama 'yan uwa, aure ya haramta.

An taɓa kai maganar wani aure har an sa rana, ana shirin lefe, aka shigo gaishe ta da goron sa rana. Ta tambayi sunan yaron da na uwarsa, ta tambayi na yarinyar, ta ajiye goron a gefe. Ta ce, “A kira mini iyayen, maza da mata.” Da suka taru ta ce wa uwar yaron, “Shekarar da kika yi ciwon nono kina jegon wannan yaro, wa ya riƙe miki shi kwana da kwanaki?” Matar ta dafe ƙirji. Ita kanta ta manta, wadda ta shayar ɗin kuma, uwar yarinyar, ta ɗauka wansa ne ta ba, ba shi ba. Aka nemo wata tsohuwar da ta shaida, magana ta tabbata, Malam ya yi bayani, aka fasa. An sha kuka a gidajen biyu, amma kukan da za a yi in da sai bayan 'ya'ya biyu aka gano ya fi wannan nesa ba kusa ba. Babu asibitin da ke da wannan a fayil, babu wayar da za ka tambaya ta gaya maka. Yana kan mace ɗaya mai shekara tamanin da wani abu, wadda muke cewa ta cika dogon zance.

Shi ya sa nake roƙonmu, mu na dakali da na tsakar gida, mu rage cewa “ai yanzu ba a yayinsa” a gaban yara, don suna ji, kuma daga bakinmu suke koyon abin da za su raina. Ɗaukar tsoho a waya a watsa a Facebook a yi ta yabo ba ya koya wa kowa naɗi ko kaɗi. A tura yaro ya zauna, ran Alhamis ko Juma'a da ba makarantar allo, ya riƙe wa mai rawani bakin harsa, ya ɓata karan gamba goma a zauren Malam har na sha ɗaya ya yi kyau. In an tura shi kuma a haɗa shi da abin goro mai kauri, don lokacin dattijo ba na banza ba ne, kuma wanda aka biya ya san ana buƙatarsa da gaske.

Kai kuma mai karatu, in akwai irin Gwaggo a gidanku, kada ka jira sai an sa ranar wani. Ɗauki littafi da biro ka je ka gaishe ta a makon nan, ka tambaye ta wa ya sha nonon wa, ka rubuta da sunaye, ka kai wa babban gidanku ya ajiye.